Kanawan da Ba Su Taɓa Ganin Kano Ba

A unguwar Hausare ta Garuwa, a ƙasar Kamaru, in kana neman gidan Madugu Tanko ba sai an raka ka ba. Ka bi warin banda kawai, ka yi ta tafiya har ka ji ana zancen Kano. Inda warin da zancen suka haɗu, ka iso. Madugun kansa ya daɗe a ƙasa, tun Faransawa na cin zamaninsu, amma ya bar wa zuriyarsa adakar ƙarfe cike da takardu, da wani girman kai da adakar ta yi masa kaɗan.

Bilya jikansa ne. Ya yi lakwal, wato makarantar bokon Faransanci, ya ci jarrabawar birebe, daga nan ya zauna yana jiran gwamnati ta lura da shi. Gwamnati kuwa aiki ya yi mata yawa. Kullum da safe sai ya zura wandonsa mai faɗin ƙafa, wanda ke share titi kyauta, ya zagaya ofisoshi yana karanta abin da aka liƙa a bango, ya dawo gida daidai lokacin da ake sauke tukunya. A wannan fanni bai taɓa makara ba.

Mahaifinsa, Garga Tafinta, ya rasu tun Bilya na ƙarami, don haka gidan na hannun wan mahaifin, Baffa Hamadu. Tun da aka datse ruwa a Mbakawu, kusa da Tibati, kifi ya yawaita, Baffa ya sayi kamiyo, babbar motar kaya, yana ɗauko banda daga Tibati. Wata rana ya dubi wandon Bilya, ya dubi kwanon da Bilya ya suɗe, ya yanke hukunci.

"In kamiyo ya tashi tafiya ta gaba gwamnati ba ta ɗauke ka ba, za ka hau. Ka zauna Tibati kana saya mini banda a bakin ruwa. Can ma karatu ake buƙata, sai ka riƙa yi wa kifin Faransanci."

Bilya ya taɓa zuwa Tibati sau ɗaya. Da ya dawo ya shiga silima, 'yan matan da ke kusa da shi suka tashi suka koma gaba, har da wata da ya daɗe yana yi wa murmushi. Sabulu bai yi komai a kan warin ba. Saboda haka ranar da rediyo ya ce za a yi jarrabawar ɗaukar ma'aikatan duwan, masu tsaron kaya a kan iyaka, kuma a ƙarshen mako za a rufe karɓar dosiye, wato takardun masu nema, Bilya ya ji kamar da sunansa aka yi sanarwar. Ya haɗa hotuna, ya haɗa takardar haihuwa da ta lakwal. Saura guda: takardar shaidar cewa shi ɗan ƙasar Kamaru ne. A ofishin alƙali ake ba da ita.

Magatakardan ofishin, Misiye Gaston, mutumin duwatsun Mokolo ne, kuma sun saba da Bilya, don matarsa Berthe a rumfar Baffa take sayen kifi, Bilya kuma yakan ƙara mata gyara da kifin da ba nasa ba.

Gaston ya karanta sunan a hankali. "Bilyaminu Garga Tanko. Abokina, sunan nan naka ƙamshin ƙetare yake yi."

"Wane ƙetare? A bayan babbar kasuwa aka haife ni. Ga shi nan a rubuce."

"Kai na ga taka. Ta babanka nake so. Tun da aka yi yaƙi a Najeriya mutane suka cika garin nan, kowa ya ce a nan aka haifi kakansa. Alƙali ya ce duk mai suna irin naku ya kawo abin da zai nuna ubansa ɗan nan ne. Ko takardar haihuwa, ko ta aikin gwamnati."

"To kai, Misiye Gaston, wace takarda naka uban ya bari?"

"Awaki ya bari, da gona a kan dutse. Ni likita ya buɗe bakina ya dubi haƙora ya faɗi shekaruna, aka rubuta. Ba wanda ya taɓa tambayata komai. Ka taɓa jin an ce dutsen Mokolo daga wani gari ya yi hijira?"

Bilya ya yi dariya, ya gyara kwalar rigarsa. "In dai takarda ce, ka share teburinka. Ubana tafintan komanda ne, da bakinsa Bature ke magana. Kakana tun zamanin Jamus yake tara takardu. Gobe sai ka ce in rage."

Mabuɗin adakar yana ƙugun Goggo Aminatu, babbar yayar su Baffa, wadda aurenta ya ƙare tun da daɗewa ta dawo gida ta zama gwamnatin cikin gida. Ba a buɗe adakar haka kawai. Sai da aka shimfiɗa tabarma sabuwa a tsakar gida, Baffa ya yi alwala, aka kori kaji. Bilya ya sha jin labarin takardun, amma bai taɓa riƙe ko ɗaya ba, don a gidan an ɗauka hannun wanda ya yi lakwal ba ya rabuwa da ƙazanta.

Baffa ya ciro na farko, ƙunshe cikin fata. "Wannan wasiƙar Madugu ce daga Kumasi, shekarar da goro ya yi araha. Wannan daga Bangi. Wannan daga Lami, inda ya ce a sayar da jakin nan mai cizo kafin ya dawo. Kai duba nan, ɗan lakwal. Mutane na rubutu tun kafin a haifi Faransancinka."

Bilya ya karɓa ya duba. Ya juya bayanta. Ya ɗaga ta sama wajen rana. Takardar ta yi kumburi ta yi lanƙwasa kamar busasshen ganyen kuka, launinta ƙasa-ƙasa, kuma babu ko ɗigon harafi a jikinta.

"Baffa, ina jakin?"

"Wane jaki?"

"Mai cizon. Ban ga jaki ba, ban ga Lami ba. Takardar nan fara ce."

"Ai na san abin da ke ciki," in ji Baffa. "Ba sai na karanta ba."

Bilya ya zura hannu ya ciro wata, ya ciro wata. Duk jirgi ɗaya. Wasiƙun ajami na Madugu, na abokan cinikinsa, na malamin da ke rubuta masa, duk an yi musu wanka. Ya dubi Goggo. Goggo tana ɓare gyaɗa, hankalinta kwance.

"Goggo, ruwa ya shiga adakar nan ne?"

"Ruwa bai shiga ba. Su suka shiga ruwa." Ta watsa gyaɗa a baki. "Madugu ya je Kumasi, ya je Bangi, ya ratsa dajin da ake cin mutane, ko allura ba a taɓa ƙwace masa ba. Kana tsammanin sa'ar a ina take? Kowace wasiƙa da sunan Allah ta fara. Duk wanda zai yi tafiya a gidan nan sai na wanke masa guda ya sha. Baffanka ya sha ta Kumasi ranar da ya fara zuwa Tibati. Ka taɓa jin kamiyonsa ya faɗi?"

"Ya faɗi bara," in ji Bilya.

"Ya kwanta dai. Kuma direba ne, shi bai sha ba."

Bilya bai tsaya gardama ba, don wasiƙun goro ba su dame shi ba. Ya tona har ƙasa, ya samo abin da ya zo nema: takardar shaidar aiki ta Garga Tafinta, bugun keken rubutu, da Faransanci. Haruffan na nan daram, sunan mahaifinsa, shekarun da ya yi yana aiki, wurin haihuwa Garuwa. Zuciyarsa ta yi sanyi. Sai idonsa ya sauka ƙasan takardar, inda hatimi da sa hannun komanda ya kamata su kasance. Abin da ke wurin wani ɗan zagaye ne dishi-dishi, kamar inda aka ajiye kofin shayi aka ɗauke.

"Goggo."

"Na'am."

"Ina hatimin?"

"Rubutun Nasara taurin kai gare shi," in ji Goggo. "Na jiƙa, na goga, ya ƙi fita. Hatimin ne kawai mai kunya, shi da sa hannun. To ai nan ƙarfin yake, sauran surutu ne."

"Wa ya sha?"

"Ranar jarrabawarka ta birebe, wa na dama wa zoɓo da sassafe? Har kana cewa ya yi ɗaci. Na ce mai neman gwamnati, gwamnati ya kamata ya sha. Ka ci jarrabawar ko ba ka ci ba?"

Bilya ya dafa cikinsa. Ya tuna zoɓon sarai, har ya nemi ƙari.

"Wato shaidar da alƙali ke nema tana nan," ya ce yana nuna cibiyarsa.

"Tun yaushe ta fita," in ji Baffa.

A duk adakar takarda ɗaya ce ta tsira da hatiminta, wata mai kauri da hoton mikiya a sama. Takardar izinin shiga gari ce da Jamusawa suka ba Madugu shekarar da ya fara zuwa. Goggo ta ce ba ta taɓa ta ba, don ba za ta shayar da 'ya'yan gidan takardar mutanen da aka kora da bindiga ba. Bilya ba ya jin Jamusanci, amma a tsakiyar takardar akwai kalma ɗaya da ko akuya za ta gane, an rubuta ta da manyan baƙi: KANO.

Baffa ya shafa kalmar da yatsa. "Ka gani ko? Har Jamus sun san mu."

Washegari Bilya ya kai wa Gaston takardar mahaifinsa. Gaston ya ɗaga ta wajen taga, ya shinshina, ya saurari bayanin, sannan ya kifa kai a kan keken rubutu yana rawar kafaɗa. Da ya ɗago sai da ya share ido.

"Na ga wadda gara ta ci, na ga wadda gobara ta ci. Wadda mai ita ya shanye, yau na fara gani. Takarda ba hatimi, ko ni zan iya buga maka irinta in ce ubanka gwamna ne."

"To ya za a yi? Kamiyon Tibati na shan mai."

"Kawo shaidu. Manya biyu da suka san haihuwar babanka, su tsaya gaban alƙali su rantse a Garuwa aka haife shi, su ma 'yan nan ne. Jibi yana zama da safe. In ya sa hannu, ka ruga ka kai dosiyenka kafin a tashi aiki, don ranar ake rufewa."

Shaidu kam akwai su a gida, Goggo da Baffa duk sun girmi Garga. Matsalar ita ce a Hausare ba a tambayar mutum ɗan ina ne ya ce Garuwa. Wannan amsar ta masu ɗaukar kaya ce. Mai mutunci sai ya ce Bakatsine ne, ko Bazazzagi, ko Bakano, ko da kuwa iyakar tafiyarsa arewa kasuwar Pitowa. Da asalin ake ba ka aure, da shi ake ba ka bashi, da shi ake sanin inda za ka zauna a zaure ranar suna. Baffa kuwa a wannan sana'a ba shi da na biyu. Yakan siffanta ƙofofin Kano ɗaya bayan ɗaya, ya gyara wa wanda ya fito daga can jiya.

Don haka Bilya ya kama koyarwa. Ya bi Baffa rumfa, ya bi shi masallaci.

"Baffa, za a ce ina aka haife ku. Ka ce Garuwa. Kalma ɗaya ce, ba ta da ƙaya."

"Ni za ka koya wa magana? Na tsaya gaban komanda kana cikin ƙugun ubanka."

"Na sani. Amma kar ka ambaci Kano."

"Wa ya ce zan ambata?"

"To faɗi in ji. Ina aka haife ku?"

"Tashi ka ba ni wuri, ga mai sayen kifi."

Ranar zaman, Baffa ya sa babbar rigarsa ta Idi, ya hau mobilet, ɗan babur ɗinsa. Goggo da Bilya suka bi a ƙasa. Ɗakin shari'ar ba girma, fanka na juyawa a sama tana raba zafi daidai wa kowa, hoton shugaban ƙasa na kallon kowa daga bango. Alƙalin Bafillace ne ɗan Marwa, daga unguwar Dugoi, siriri mai magana a hankali, Hausarsa tas sai ɗan karin Fillanci. Gaston na gefe da keken rubutunsa.

Goggo aka fara kira. Aka tambaye ta ko ta san inda aka haifi Garga.

"Ni na riƙe fitila," in ji ta. "A ɗakin da ke kusa da rijiya. Cibiyarsa na binne a gindin bango, inda muke ɗaure tunkiya yanzu. In ana so a aiki ɗan sanda da fartanya."

Alƙali ya ce ba sai an kai ga fartanya ba. Ya juya wajen Baffa. "Alhaji, kai ne babban gida. Ku 'yan ina ne?"

Bilya ya rufe ido. Da ma a ce ina aka haife ku aka tambaya. Ya ji ƙarar shadda, wato Baffa na gyara hannun riga, ya san an gama.

"Allah ya gafarta malam, mu Kanawa ne. Gaba da baya. Ubanmu Madugu Tanko daga cikin birni ya fito, ba ƙauye ba, cikin ganuwa. Zama ne kawai ya kawo mu nan." Ya zura hannu a aljihu ya zaro takardar Jamus, wadda Bilya bai san ya ɗauko ba, ya shimfiɗa ta a teburin alƙali, ya ɗora yatsa a kan kalmar. "Ga shi, da hatimi."

Alƙali ya duba. "Hatimi mai kyau. Ka taɓa zuwa Kanon, Alhaji?"

"Ana shiri."

"Tun yaushe?"

"Harkoki ne suka yi yawa."

Keken Gaston ya yi tsit. Alƙali ya dube shi ya ce ya rubuta abin da shaida ya faɗa. Gaston ya saci kallon Bilya, ya ɗaga kafaɗa, ya ci gaba da bugawa, kowane harafi kamar ana kafa ƙusa.

"To," in ji alƙali, "shaida ɗaya ta ce Garuwa, ɗaya ya ce Kano, kuma mai cewa Kano shi ke da takarda. Sai a yi bincike. Za a rubuta wa Yawunde, in amsa ta zo a kira ku."

Kowa a Garuwa ya san amsar Yawunde. Akwai wanda ya aika tambaya yana saurayi, ɗansa ya karɓi amsa. Bilya ya ji warin banda ya taso masa tun daga Tibati, ya ga kansa zaune kan buhu yana korar ƙuda, wandonsa mai faɗi ya zama tsumman goge sikeli. Baffa kuwa ya koma ya zauna yana sheƙi, kamar wanda ya ci gasar karatu.

Bilya ya ɗaga hannu kamar a aji.

"Allah ya gafarta malam, ina da 'yar tambaya, don ƙaruwa kawai. Ni na haƙura, Tibati zan tafi. Baffana nake tausayi. Tun da yanzu an rubuta cewa shi baƙo ne, katin ɗan ƙasa da ke aljihunsa fa? Da shi ya yanki lasin kamiyo, da shi aka ba shi rumfa a babbar kasuwa. Kar mu je muna karya doka ba mu sani ba. Mu gidanmu ba ma son haram."

 Alƙali ya dubi Bilya na ɗan lokaci, gefen bakinsa ya motsa kaɗan.

"Tambaya mai ma'ana. Baƙo katin baƙi yake riƙewa. Lasin da rumfa kuma sai a dakatar har a gama bincike. Gaston, sa sabuwar takarda. Alhaji, miƙo katin."

Baffa ya miƙe, amma ba da katin ba. "Allah ya gafarta malam, ina jin ba a fahimce ni ba."

"Na fahimce ka. Gaba da baya ka ce."

"Ai wannan magana ce ta zaure. Irin wadda ake yi in an ci an ƙoshi. Wa ya san Kano? Ni ko hanyarta ban sani ba. A Hausare aka haife ni, a ɗakin da aka haifi Garga, tawa cibiyar na kusa da tasa, tunkiya ɗaya ke taka su. Ni ko Yola na je kwana ɗaya ruwansu ba ya karɓata." Daga nan ya juye zuwa Fillanci, yaren da kullum yake cewa na ciniki ne kawai, ya yi ta zuba shi kamar an haife shi a ruga, yana lissafa masu unguwar da suka san shi da shekarar da Binuwai ta cika ta shigo kasuwa.

Alƙali ya bar shi ya gaji, sannan ya ɗaga takardar mai mikiya. "Wannan fa?"

Baffa ya dubi takardar. Ya dubi aljihun da katin yake.

"Wannan... a adaka muka tsince ta. Tanko ai suna da yawa. Wataƙila ta wani Tankon ce."

 Goggo ce ta tashi, ba ta nemi izinin kowa ba, ta taka har gaban teburin, ta zare takardar daga hannun alƙali. Ta ninke ta yadda take tun farko, ta sa a cikin zaninta.

"Ta ubana ce," ta ce. "Daga Kano ya zo da ƙafarsa, ya mutu a nan, mu kuma a nan ya haife mu. Hamadu, ka ji kunya."

Ta koma ta zauna. Baffa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Alƙali ya yi gyaran murya ya ce abin da yake son ji ke nan tun ɗazu, kuma da an faɗa masa haka da farko da yanzu kowa na gida. Ya sa Gaston ya cire takardar farko ya buga wata. Aka kawo Alƙur'ani, Baffa ya rantse a Garuwa aka haife shi da shi da ƙaninsa, da murya ƙasa-ƙasa irin ta mai bin bashi a gidan suruki. Goggo ta rantse. Gaston ya hura wa hatimi iska ya danna, alƙali ya sa hannu.

A waje rana ta take. Baffa ya tashi mobilet, ya ƙi kallon kowa.

"Baffa, ka ɗan rage mini hanya zuwa ofishin duwan? Sun kusa tashi."

"Ka hau wandonka." Ya murɗa mai, sannan ya sassauta. "Tibati ba ka zuwa. Ba don takardarka ba, don ba na son hannunka a kan kayana. Kuma abin da aka yi a ɗakin nan, in na ji shi a bakin mutum ɗaya a Hausare..."

"Wane abu? Ni Fillancin ma ban gane duka ba."

"Daga yau ka nemi inda za ka riƙa cin tuwo."

Ya tafi ya bar musu hayaƙi. Goggo ta gyara mayafi, ta dubi Bilya sama da ƙasa.

"Ka samu abin da kake so. Amma ka sa dattijo ya tuɓe a gaban mutane. Kai ma ba ka da kirki."

"Goggo, da wajen banda za a tura ni."

"Na sani. Shi ya sa ban mare ka ba. Wuce, kar su rufe."

Bilya ya ruga. Ya bi ta gefen kasuwa, ya tsallake kwata, ƙafar wandon na kama iska tana ja da shi baya. Ya isa ofishin duwan gumi har cikin takalmi, ya tarar da layi ya fito har bakin titi, samari irinsa, kowa da wando irin nasa, kowa rungume da dosiye kamar jariri. Ashe ba da sunansa kaɗai rediyo ya yi sanarwa ba.

Da layi ya zo kansa ya miƙa da hannu biyu. Ya so ya yi ɗan bayani, ya ce takardar nan ta sama ba a banza aka same ta ba. Ma'aikacin bai ɗago ba. Ya leƙa ciki, ya ga hatimi, ya juya ya cilla dosiyen kan wani tsibi da ya kusa toshe taga.

"Mutum nawa za a ɗauka, Misiye?" in ji Bilya.

"Kaɗan. Na baya."

Bilya ya fito ya tsaya a inuwar dalbejiya. Cikinsa ya yi ƙara, don tun safe bai sa komai ba, kuma a gida yanzu ake sauke tukunya. Ya dubi hanyar Hausare, ya yi ɗan tunani, sannan ya juya ya nufi unguwar su Gaston, yana shirya yadda zai gaishe da Berthe, wadda ya sha ƙara wa gyara.